Malamai uku, aji shida: a haɗa yaran ko a bar kowane aji a ɗakinsa?

Baban Walid

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa, domin ranar Asabar za mu zauna da iyayen yara. Ni ne shugaban SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, na firamaren garinmu. Muna da aji ɗaya zuwa shida, yara 156 a rajista, malamai uku har da hedimasta. Da su biyar ne, ɗaya ya yi ritaya, ɗaya aka mayar da shi cikin gari, har yau ba a turo madadinsu ba.

Abin da ake yi yanzu, kowane aji yana ɗakinsa, malaman suna zagayawa. Hedimasta ya kawo shawarar a haɗa azuzuwan bibbiyu: ɗaya da biyu, uku da huɗu, biyar da shida, kowane malami ya riƙe ɗaki guda daga safe har tashi. Iyaye da dama sun ce ba su yarda ba, wai mayar da yaro baya ne. Wani ma ya ce in aka zaunar da ɗansa na aji huɗu tare da 'yan aji uku, cire shi zai yi ya tafi da shi kasuwa.

Ga yawan yaran: aji ɗaya 48, aji biyu 34, aji uku 27, aji huɗu 21, aji biyar 15, aji shida 11. Malamai da iyayen da ke nan, don Allah me kuka gani?

Malam Sani

Wa alaikumus salam. Baban Walid, kada ku yarda. Tun zamanin UPE, shirin nan na ilimin firamare ga kowa, na fara riƙe alli, na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Ranar da kuka haɗa azuzuwa, ranar kuka shaida wa hukuma da bakinku cewa malamai uku sun ishe ku. Mai duba makarantu zai zo ya tarar da kowane ɗaki da malami a tsaye, ya rubuta komai lafiya, shi ke nan an manta da ku. Ku bar ɗakunan yadda suke, duk wanda ya zo ya ga giɓin da idonsa.

Sannan manhaja aji-aji aka tsara ta. Lissafin aji uku daban, na aji huɗu daban. Malami kuwa baki ɗaya gare shi.

Malama Rabi

Baba Malam Sani, Allah ya ƙara girma, amma a wannan ban bi bayanka ba. Su wa za a bari a ɗakunan da babu malami don mai dubawa ya gani? 'Ya'yan mutane ne fa, kuma shekarar da ta wuce su ba za ta dawo ba.

Mu yi lissafi kawai. Malamai uku, ɗakuna shida. Ko babu wanda ya makara, babu wanda ya kwanta rashin lafiya, kowane aji rabin lokacin makaranta yake samun malami. To hedimasta ma ba kullum yake nan ba, yau an kira shi ofishin ilimi, gobe tantance ma'aikata, jibi taron shugabannin makarantu. Kowa a nan ya san abin da ke faruwa a ɗakin da malami ya fita. A miƙa wa monita tsumagiya, a ce ya rubuta sunan masu surutu. Yara su yi ta rera baƙaƙe da ƙarfi har a kaɗa ƙararrawa, uwa tana jiyo su daga gida tana jin daɗi ana karatu. Ka tsayar da ɗaya daga cikinsu ka nuna masa harafi guda a tsakiyar allo, ba a jere ba, sai ya yi tsuru-tsuru.

Ni na riƙe haɗaɗɗen aji a wata makarantar ƙauye, uku da huɗu. Akwai wahala, ba zan ɓoye ba, amma ya fi zagayen nan nesa ba kusa ba.

Sai dai rabon da hedimastanku ya yi ban gamsu da shi ba. Duba fa: ɗaya da biyu yara 82 ke nan a wuyan mutum ɗaya, biyar da shida kuma 26. Ƙananan da suka fi kowa buƙatar malami su aka cusa wuri guda.

Baban Walid

Malama, wallahi wannan lissafin na 82 bai zo mana a rai ba. To ke yaya za ki raba?

Malama Rabi

Aji ɗaya shi kaɗai, da malaminsa, kuma a ba su wanda ya fi haƙuri a cikin ukun. Biyu da uku tare, 61. Huɗu, biyar da shida tare, 47.

Dalilina kan aji ɗaya shi ne haɗaɗɗen aji yana tafiya ne idan malami zai iya ba wani ɓangare aiki su yi da kansu, shi kuma ya juya wajen ɗaya ɓangaren. Yaron da bai iya riƙe fensir ba, bai san ta ina ake fara layi ba, wane aiki za ka bar masa? Minti biyu ka juya baya ka tarar wannan ya ci kwalar wancan, wani yana kuka zai tafi gida.

Maman Ummi

Ku yi haƙuri in sa baki, ni uwa ce ba malama ba. An yi wa 'yata wannan haɗin tana aji biyar, aka haɗa su da 'yan aji huɗu. Yarinyar Allah ya ba ta kai. Da malamin ya gane haka sai ya mayar da ita mataimakiyarsa. Ita ke rubuta wa ƙananan aiki a allo, ita ke bin layi tana duba littattafansu, ita ke raka mai kuka wajen randa. Na ɗauki littafinta na lissafi a ƙarshen zango, shafukan da aka rubuta ba su kai goma ba, kuma duk abin da ta riga ta sani ne tun bara. Da na je na yi magana sai aka ce ai koyarwa ma karatu ce. Na yarda, amma ita wa zai koya mata sabon abu? Shekara guda ta tafi a haka.

Saboda haka mutumin da ya ce zai cire ɗansa, kada ku ɗauke shi jahili. Akwai abin da yake tsoro, kuma abin yana faruwa.

Malama Rabi

Maman Ummi, gaskiya kika faɗa, kuma an zalunci yarinyar. Babba ya taimaki ƙarami yana da kyau, amma da iyaka: ɗan lokaci kaɗan a rana, kan abin da shi ma zai amfana da maimaita shi, kuma a riƙa juyawa, ba yaro ɗaya kullum ba. Malamin da ya ɗora ajinsa a kan yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya guje wa aikinsa ya yi.

Alaramma Ɗahiru

Assalamu alaikum. Ina ta karantawa ina mamaki yadda ake maganar kamar baƙon abu. Mu a tsangaya tun kaka da kakanni haka muke. Ƙolo da titibiri da gardi duk wuri ɗaya suke zaune, kowa da allonsa. Wannan yana babbaƙu, na gefensa yana farfaru, wancan ya yi nisa a izu. Ba a tambayar shekarun yaro, ana duba inda karatunsa ya tsaya. In ya iya allonsa ya wanke, a ɗora masa gaba. In bai iya ba, ko shekara nawa gare shi, nan zai tsaya. Gardi yana biya wa ƙolo, shi ma gardin yana zuwa gaban malam a biya masa nasa. Kun ga abin da Maman Ummi ta koka da shi bai taso ba, domin mai biya wa wani shi ma yana da allonsa da ake jiransa da shi.

Malam Sani

Allah ya gafarta Malam, ba na jayayya da tsarin tsangaya, a cikinsa muka tashi. Amma can littafi ɗaya ne, hanya ɗaya, daga Fatiha a bi ta ƙananan surori har a sauke. Kowa ya san abin da ke gaban abin da ya wuce. Firamare kuwa akwai lissafi, Turanci, Hausa, kimiyya, zamantakewa, addini, kowanne da nasa matakan. Kuma almajiri yana karatu da asuba, da yamma, da dare. Ɗan firamare sa'o'i kaɗan ne da safe, ya tafi sai gobe.

Alaramma Ɗahiru

Haka ne Malam Sani, ban ce a kwafo komai ba. Abu ɗaya nake so a ɗauka: kowane yaro a san inda yake. Yaro nawa ne ke aji biyar a boko bai iya karanta sunansa ba? Wa ya kai shi aji biyar ɗin? Shekaru ne suka kai shi.

Malam Kabiru

Ina koyarwa a kwalejin ilimi, bari in kawo abin da masu bincike suka gano, domin tambayar ba a kanmu aka fara ta ba.

A 1995 wani masani ɗan ƙasar Holan, Simon Veenman, ya tattara bincike sama da hamsin daga ƙasashe daban-daban, ya kwatanta yaran haɗaɗɗen aji da na aji guda. Abin da ya samu shi ne babu wani bambanci na a zo a gani a sakamakon karatunsu. Shekara guda bayan haka wasu Amurkawa biyu, Mason da Burns, suka yi masa raddi. Suka ce a makarantu da yawa shugaban makaranta yakan zaɓi ƙwararren malami da yara masu natsuwa ya sa su a haɗaɗɗen aji, don ya san aikin ya fi nauyi. Saboda haka in sakamako ya zo daidai, mai yiwuwa ƙwarewar malamin ce ta rufe asarar. Ni ina ganin maganarsu abin dubawa ce. Kuma yawancin binciken nan an yi shi ne a ƙasashen da aji bai cika yara talatin ba, kowane yaro da littafinsa.

Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na Kolombiya. A 1975 aka fara wani tsari a makarantun karkararsu mai suna Escuela Nueva, wata mata Vicky Colbert na cikin waɗanda suka kafa shi. Malami ɗaya ko biyu ke riƙe makaranta duka. Sirrin abin yana cikin littattafan da aka rubuta musamman don yaro ya bi da kansa mataki-mataki, yara suna zaune rukuni-rukuni suna aiki, malami yana zagayawa. Yaron da ya ɓace lokacin girbin kofi in ya dawo sai ya ɗora daga inda ya tsaya, ba a ce ya maimaita shekara ba. Tsarin ya bazu zuwa dubban makarantu, har wasu ƙasashe suka ara.

Abin da ke damuna shi ne mu a kwalejojinmu muna horar da ɗalibin NCE, wato takardar shaidar malanta, kamar zai je ya tarar da aji guda, yara masu shekaru ɗaya. Sai a tura shi ƙauye ya tarar da abin da Baban Walid ya bayyana.

Wani abu kuma ga Baba Malam Sani. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Raba 156 da 35, malamai biyar ne abin da za su iya nema da hujja. Ko an dawo musu da biyun da suka rasa, aji shida ne, malamai biyar. Aji shida mai yara 11 da wuya ya samu malaminsa shi kaɗai. Ko ba jima ko ba daɗe sai an haɗa wasu.

Malam Sani

To a ba su biyar ɗin tukuna, sannan mu yi maganar haɗa biyar da shida. Wannan na yarda da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da larura ta zama tsari. A rashin uwa ake uwar ɗaki, amma ba a cewa uwar ɗaki ta fi uwa. Dokar UBE ta 2004 ta ce ilimin shekara tara kyauta ne kuma dole. Wanda ya wajabta shi ya kawo malamai.

Kuma Malam Kabiru, littattafan nan na Kolombiya da ka ambata, ina suke a makarantar Baban Walid? Ka tambaye shi ko yaro nawa ke da littafin karatu a aji uku.

Baban Walid

Baba, littattafan da muke da su suna cikin kabad a ofishin hedimasta. In za a yi darasi a fito da su, yara huɗu ko biyar su haɗa kai a kan guda, a gama a mayar.

Mushe Isufu

Salamu alaikum 'yan uwa, daga Maraɗi nike. Mu nan Nijar wannan abu sananne ne, har cikin tsarin gwamnati yake. Lakwal ɗinmu, wato firamare, aji shida ne kamar naku, CI, CP, CE1, CE2, CM1, CM2, amma an kasa su kashi ukku, bibbiyu. In za a haɗa, ana bin wannan kashin, CE1 da CE2 tare, CM1 da CM2 tare, don karatunsu kusan guda ne, na biyun zurfafa na farkon yake yi.

Yadda nike yi da nawa: allo na raba shi biyu da layin alli. Yara na zaunar da su ɓangare biyu, da hanya a tsakani. In ina darasi da CM2, 'yan CM1 suna aikin rubutu shiru, wanda na rubuta musu tun kafin su shigo. Bayan kamar minti ashirin in juya. Darussan da ba su buƙatar rabuwa, kamar tarihi da tsabta da waƙa da motsa jiki, gaba ɗaya nike yi, sai wajen tambaya in ba manya mai wuya.

Gaskiyar da zan faɗa muku, mushe, wato malami, da ke riƙe irin wannan aji shiri biyu yake kowane dare. Wanda ba ya shiri, to rabin ajin zaman banza za su yi. Kuma abin da Malama Rabi ta ce game da 'yan farko haka yake. Inda anka haɗa CI da CP don dole, 'yan CI ke shan wahala, balle mu da yaro ke zuwa bai san kalma guda ta Faransanci ba.

Malam Buba

Ni a makarantar 'ya'yan makiyaya nake. Tun da aka kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989 irin makarantunmu da haɗaɗɗen aji suka saba, domin ruga ba ta tara yaran da za su cika aji shida. Wani abu da ba a ambata ba: yarinya ƙarama ta fi yarda ta zo makaranta in za ta zauna kusa da yayarta. Iyaye ma sun fi sakin jiki. Na ga yaran da suka daina zuwa saboda an raba su ɗaki da 'yan uwansu.

Anti Zainab

Ni makarantar kuɗi nake riƙewa a cikin birni, kuma abin da zan faɗa zai ba wasu mamaki. Akwai iyayen da ke biyan kuɗi mai yawa don a sa 'ya'yansu a haɗaɗɗen aji. Tsarin Montessori ke nan, na wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, da ta buɗe makarantarta ta farko a Rum a 1907. Da gangan ake haɗa 'yan shekara uku zuwa shida, shida zuwa tara, tara zuwa goma sha biyu. Yaro ya shiga yana ƙarami yana kallon manya, ya fita yana babba ana kallonsa, kuma malama ɗaya ta san shi shekara uku.

Maman Ummi

Anti Zainab, yara nawa ne a ajin naku, kuma malamai nawa?

Anti Zainab

Ba su kai talatin ba, da malama da mataimakiya, da kayan aiki a kan kanta kowane yaro ya ɗauka. Na gane inda kika dosa, kuma kin yi gaskiya, ba daidai yake da yara 61 da malami ɗaya ba. Na kawo shi ne don a gaya wa iyayen can cewa zama da ƙananan yara ba shi ne mayar da yaro baya ba.

Malam Kabiru

Bari in koma kan maganar Alaramma, domin ita ce ta fi tsaya mini a rai. Muna ta magana kamar aji guda yana nufin yara masu mataki ɗaya. Ku shiga kowane aji huɗu a ƙauye. Za ku ga ɗan shekara tara da ɗan shekara goma sha uku a benci ɗaya, domin wani an sa shi da wuri, wani sai da ya yi shekaru a makarantar allo ko kiwo. Za ku ga mai karanta labari, da mai haɗa kalma da ƙyar, da wanda bai san harafi ba. Wato ajin da iyaye ke karewa shi ma a haɗe yake, sunansa ne kawai guda.

Akwai wata ƙungiya a Indiya, Pratham, da ta fito da hanyar koyar da yaro daidai matakinsa. A 2019 an gwada ta a Kano, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, ƙarƙashin shirin KaLMA, da 'yan aji huɗu zuwa shida. Ana gwada kowane yaro shi kaɗai, a ga ko harafi ya sani, ko kalma, ko yana iya karanta ɗan sakin layi, ko labari. Sai a ware wani lokaci a rana a zaunar da su bisa matakin, ba bisa aji ba. Wanda ya ci gaba a matsar da shi rukuni na gaba.

Baban Walid, da ni ne ku, kafin ranar taron sai in sa malaman su yi wannan gwajin. Takarda ɗaya ce: haruffa a sama ba a jere ba, kalmomi kamar "gida", "rago", "tulu" a ƙasansu, sai jimloli huɗu, sai ɗan labari. Kowane yaro minti kaɗan. A lissafi kuma a ga ko ya san lambobi, ko yana iya ragewa da aro, ko rabawa. In iyaye suka ga sakamakon da idonsu, muhawarar za ta canza.

Malam Sani

A nan kam sai a yi hattara. Kada a tara iyaye a karanta sunan ɗan wane bai iya karatu ba. Ƙauye ne, gobe a majalisa za a yi ta yi da uban. A faɗi adadi a taro, sunaye kuma kowane uba a kira shi gefe.

Baban Walid

Wannan shawara ta Baba na riƙe ta hannu biyu. Mutumin da na ce zai cire ɗansa, na san halinsa, in aka kunyata shi a bainar jama'a ba zai sake taka makarantar ba.

Amma akwai abin da ya rage mini. Malama Rabi, 'yan aji shida fa? Su ke da jarrabawar shiga ƙaramar sakandare a gabansu. In aka haɗa su da huɗu da biyar, aji uku a ɗaki ɗaya, anya ba su za a cuta ba? Abin da ya sami 'yar Maman Ummi nake tsoro.

Malama Rabi

Tsoronka yana kan hanya, kuma aji uku a ɗaki ɗaya ya fi biyu wuya sosai. Ga yadda zan yi. Da safe, lokacin da kan yara ke a buɗe, karatu da lissafi bisa mataki kamar yadda Malam Kabiru ya ce. A ɗakin manya ba za ka rasa rukuni uku ba, kuma kada ka yi mamaki in ka ga ɗan aji huɗu a rukunin sama, ɗan aji shida a na ƙasa. Bayan tara, darussan da ake yi tare, kimiyya da zamantakewa da addini. Su waɗannan sai a juya manhajar: bana a yi batutuwan aji biyar da kowa, baɗi na aji shida, shekara ta uku na aji huɗu, yadda duk yaron da ya yi shekara uku a ɗakin zai ratsa su duka ba tare da ya maimaita ba. Lissafi da Turanci ne ba a yi musu haka, domin su tsani ne, sai an taka na ƙasa ake hawa na sama.

'Yan aji shida kuma, 'yan aji ɗaya ai sukan riga kowa tashi. Malaminsu in ya sallame su sai ya ɗauki sha ɗayan nan shi da su kaɗai, kullum, a ɗaya daga ɗakunan da suka zama fanko. Yara 11 da malami guda na sa'a ɗaya sun fi samun karatu a kan rabin yinin da suke samu yanzu.

Mushe Isufu

Juya manhaja ɗin nan yana aiki, amma a rubuta a aje. In anka canza mushe tsakiyar tafiya, sabon bai san inda anka tsaya ba, sai yara su yi abu guda sau biyu, wani abin kuma su tsallake shi gaba ɗaya.

Maman Ummi

Ni dai in ana so in yarda a matsayina na uwa, sharaɗi biyu. Na farko, kada a sa yaro ya koyar da wani sai ya gama nasa aikin an duba. Na biyu, duk ƙarshen zango a sake gwajin nan a nuna mini inda ɗana yake da inda ya koma. In bai motsa ba, a gaya mini dalili.

Malam Sani

Har yanzu ina nan a kan bakana cewa yara 61 a hannun mutum ɗaya, aji biyu, ba karatu ba ne na gaskiya, kuma ɗakin biyu da uku nan ne za ku sha wuya. Amma tunda na ga inda zauren ya karkata, ga abin da nake roƙo. Ranar da za ku fara, ranar ku kai takarda ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, da sa hannun kwamiti da mai gari, kwafi zuwa SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Ku rubuta yawan yara aji-aji, ku rubuta cewa haɗin na wucin gadi ne saboda an ɗauke malamai biyu, kuma kuna neman a mayar. A buga hatimi a kan kwafinku ku ajiye. Duk zango ku sake kai wata.

In kuma akwai mai NCE a garin da ke zaune babu aiki, ku nemi ya riƙa taimakawa a ɗakin biyu da uku, iyaye su haɗa masa ɗan abin sabulu. Amma kada ku sa sunansa a jerin malaman makaranta.

Baban Walid

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan kai wa hedimasta rabon Malama Rabi a maimakon nasa, da maganar gwajin, da sharuɗɗan Maman Ummi. Takardar Baba kuma ni da kaina zan rubuta. Akwai wata yarinya da ta gama NCE ta yi aure a garin, zan tuntuɓi maigidanta.

Tambaya ta ƙarshe: rajista da katin sakamako fa? Haɗe su za a yi su ma?

Malama Rabi

A'a, kada ku taɓa su. Kowane aji da rajistarsa, a kira sunan 'yan aji biyu daban, na aji uku daban, ko da a ɗaki ɗaya suke. Katin sakamako ma ajin yaro na ainihi za a rubuta, jarrabawar ƙarshen zango kowa ta ajinsa. A ƙofar ɗakin a rubuta azuzuwan duka, kada a rubuta ƙaramin kaɗai. Kuma ku nemi fenti baƙi ku yi allo na biyu a bangon baya na ɗakunan nan biyu, yadda in malami yana magana da wani rukuni, sauran sun juya masa baya suna kallon nasu aikin. Bencinan ɗakunan da za a bari a kwaso su a ƙara, don yara 61 ba za su zauna a kan na mutum talatin ba.